Ranar Da Kaka Ta Ƙulle Magungunan Gidanmu A Gefen Zani

Shekaranjiya na tsaya a wani kyamis a Shango, sai wata mata ta buɗe kwalbar maganin zazzaɓi na yara, irin mai ƙamshin lemo ɗin nan. Ƙamshin na bugun hancina na gan ni kwance a tabarma a tsakar gidanmu, ina 'yar shekara takwas.

Gidan haya ne kusa da layin dogo, inda idan jirgi ya wuce sai kwanuka su yi ta rawa a ɗaki. Iyali biyar ne, rijiya ɗaya, kuma yaron gidan ɗan kowa ne. Idan ka yi laifi kowace mata za ta ja maka kunne, idan ka kwanta ciwo kowace za ta yi jinyarka. Magani kuwa aronsa ake yi kamar gishiri.

Damina ce, sabuwar doya ta fara shigowa gari, sauro ya yi mana sansani a bakin kwata, sai zazzaɓi ya kayar da ni. Da safe Inna ta ba ni na kwalbar nan ta tafi kasuwa, inda take sayar da manja. Da hantsi Goggo, ƙanwar Baba, ta shigo da farar ƙwaya da shayi mai madara. Kafin azahar ga maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna, wadda muke kira Maman 'yan biyu, da maganin mura da soyayyiyar doya da ƙwai. Da yamma Inna ta dawo ta sake ɗauko kwalbarta.

Bari in faɗa maka gaskiya, laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Kowace sai ta tambaye ni ko an ba ni magani. Ni kuwa a wautata na ɗauka idan na ce e, shayin da doyar za su koma inda suka fito. Sai in langaɓe kai in girgiza shi. Kwana biyu ina cin wannan daula. A rana ta uku na fara amai, gefen cikina na dama ya riƙe, doyar ma ko kallonta ba na son yi.

A ranar Kaka ta iso daga Maikunkele. Mahaifiyar Baba ce, 'yar gajeruwa, ko sunanta ba ta iya karantawa, kuma ba ta ɓarnar magana. Ba ta tsaya dogon sannu ba. Ta taɓa goshina, ta buɗe idona ta duba, sannan ta juya ta ce, "Wa ya ba ta me?"

Ɗaki ɗaki ta bi. Ta karɓi kwalba, ta karɓi ragowar ƙwayoyi, har kwandon shara ta tona ta tsinto takardun da aka ɓare aka yar. Goggo ta ɓata rai ta ce, "Yanzu taimakon ne ya zama laifi?" Kaka ta ce, "Ban ce laifi ba ne. Cewa na yi ki kawo takardar." Maman 'yan biyu tana miƙo nata tana cewa, "Kaka, wannan na mura ne kawai fa, ba shi da ƙarfi. Yarinya ya sha, ya yi barci." Kaka ta karɓa ta yi godiya, ta ƙulle su duka a gefen zaninta, ta goya ni ƙafafuna na reto har bakin titi, Inna na biye da mu.

A asibiti ta kwance ƙullin ta baje a teburin likita. Ya tambayi sau nawa na sha kowanne. Inna ta buɗe baki, Kaka ta ɗaga mata hannu.

"Ita za ta faɗa. Cikinta ne."

Ban taɓa jin tsoro da kunya irin na ranar ba. Ina kuka na lissafa duka, har da ƙaryar da na yi ta yi. Likitan ya jera ukun gefe guda, ya ce sunayensu daban, launinsu daban, amma maganin zazzaɓi iri ɗaya ne a cikinsu, kuma idan ya yi yawa hanta yake ci. Ya ce da an kawo ni hannu rabbana da sai ya yi ta lalube, lokaci kuma na ƙurewa. Aka kwantar da ni kwana uku ana ƙara mini ruwa, aka haɗa da maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda duk cikin masoyan nan nawa babu wadda ta ba ni.

Na jira duka, bai zo ba. Kaka tana fifita ni da mafici ta ce, "Duk wanda ya miƙo miki magani, ki fara gaya masa abin da kika riga kika sha. Ko ni ce." Da muka koma gida ta kafa doka, mara lafiya hannu ɗaya ke ba shi magani, sauran su kawo abinci. Goggo ta yi mako tana kumbure-kumbure, daga baya ta fi kowa tsare dokar. Har yau ina mamakin matar nan, yadda ba ta san harafi ba amma ta san tambayar da ya kamata a yi.

Kaka ta daɗe da rasuwa, gidan ma an rushe shi an yi shaguna. Yanzu kowane lungu da kyamis, kowace waya da mai ba da shawarar magani, masu son mutum kuwa ba su ragu ba. Bara na kai 'yata asibiti da zazzaɓi. Likita ya tambaye ni abin da ta sha, na juya na dubi yarinyar. Ta faɗi wanda na ba ta da safe, sannan ta ce, "Da wanda Malama ta ba ni a makaranta kafin ki zo ɗaukata." Ban san da shi ba, kuma niyyata muna isa gida in ƙara mata wani. Likitan ya ce kada a sake ba ta sai bayan magariba.

A Keke Napep ɗin komawa gida na yi ta yi wa Kaka addu'a, 'yata tana tambayata ko ni ma ba ni da lafiya ne.