Ranar da Baba Ya Daina Miƙewa

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu na unguwar Federal Low-Cost a Gombe da wata makarantar firamare. Kowace safiya ta ranar aiki, ƙarfe takwas saura kwata, sai a kaɗa ganga, a rera taken ƙasa, daga nan muryoyin yara su tashi gaba ɗaya suna karanta alkawarin nan da ake yi wa ƙasa, na riƙe gaskiya da amana da biyayya. Ina ƙarama nakan ɗauka daga cikin bishiyar darbejiyar da ta leƙo gidanmu muryoyin suke fitowa, kamar tsuntsaye ne suka koyi Turanci.

Baba hedimasta ne a wata makarantar daban, can Pantami. Yana da wata al'ada da ban taɓa jin wani hedimasta yana yi ba. Duk Juma'ar ƙarshen wata zai sauke tutar makarantarsu da hannunsa, ya ninke ta, ya sa a jakarsa ya kawo gida. Ranar Asabar da hantsi ya zauna a kan 'yar kujera a tsakar gida ya wanke ta. Ba ya bari kowa ya taɓa. Tsakiyar, inda take fara, yana sa mata bula kaɗan. Idan ya shanya, sai ya tokare igiyar da gora don kada gefenta ya taɓa ƙasa, da yamma kuma ya zuba garwashi a dutsen guga ya goge ta.

Inna takan tsaya a ƙofar kicin tana kallonsa.

"Malam, shekara nawa muna tare, ko ɗankwalina ba ka taɓa goge mini ba."

"Ke ai kina da hannu," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Ita wannan ba ta da kowa."

Mu biyu ne 'ya'yansa, Adda da ni, shekara biyar tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunan Adda ba, don ita ce 'yar fari. Sai dai ya ce "ke" ko "babbar". Ni kuwa Auta. Shi ya zaunar da mu ya fassara mana alkawarin da Hausa, jimla bayan jimla, ya ce bai yarda ɗansa ya ɗora hannu a ƙirji ya faɗi abin da bai san ma'anarsa ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na karanta a layin asambuli, nakan ji wani abu mai ɗumi yana cika mini ƙirji. Ƙasar da nake gani a raina wata doguwar mace ce mai koren zane, tana tsaye a bakin wani ruwa da ban taɓa gani ba, tana sauraron abin da muke faɗa mata.

Kawu, ƙanen Inna, mai shagon yadi a Shamaki, shi dariya abin yake ba shi.

"Malam, kai kaɗai ka rage fa. Waɗanda suka rubuta abin nan ma sun manta da shi."

"Ban yi da su ba."

"To da wa ka yi? Ita ƙasar ta san kana yi?"

"Ni dai na san na yi."

Da Baba ya yi ritaya, wankin tuta ya ƙare, sai wata al'adar ta maye gurbinsa. Da zarar gangar bayan katanga ta yi ƙara, zai ajiye kofin shayinsa, ya miƙe a tsakar gida, hannun dama a ƙirji, leɓɓansa suna bin na yaran. Na gama sakandare a lokacin, ina zaman jiran jami'a, saboda haka kullum a idona ake yi. Wani lokaci kaji na kewaya ƙafafunsa, Inna na wucewa da tsintsiya, shi ko gezau.

A shekarar ce Adda ta gama digiri, lokacin cike takardun bautar ƙasa ya zo. A unguwarmu kowa ya san yadda ake yi idan 'ya mace ce: a samo takardar likita mai cewa tana da wani ciwo, ko takardar aure alhali ba a yi ba, a haɗa da sauran takardu, sai a bar ta a gida. Ba wanda yake ɗaukar wannan a bakin laifi. Kawu ya zo wata la'asar, ya zauna a tabarma, ya ce ya san wanda zai rubuta asma, kwana biyu an gama.

"Tana da asma?" Baba ya tambaya.

"Haba Malam."

"Tambayarka na yi."

"Ba ta da ita. Amma 'ya mace ce, hanya kuma ka san yadda take."

"Shekara talatin da biyar ina tsayar da 'ya'yan mutane a rana suna alkawarin gaskiya. Yau da abin ya zo ƙofar gidana sai in ce ban ji ba?"

Inna ta ce daga ɗaki, "Malam, a duba dai."

Gaskiyar magana, Adda ma tana son tafiya. Ita ba mai mafarki ba ce irina, mai dariya ce da son ganin gari. Da takarda ta fito an tura ta can kudu, kusa da teku, rawa ta yi a tsakar gida. Ta ja kunnena ta ce, "Ke sarkin tunani, zauna nan ki yi ta rubuta waƙar ruwa. Ni zan je in taɓa shi da ƙafata."

Wata takwas ta yi tana koyarwa a wani ƙauye. Takan kira ni ta sa wayar a taga don in ji ruwan samansu, wanda ta ce ba ya gajiya. Ta ce ɗalibanta suna tambayarta ko da gaske a garinmu raƙuma ne motoci. Ta ce su ma da safe alkawarin nan suke karantawa, da wani irin harshe mai lanƙwasa, kuma duk ranar da ta ji sai ta tuna Baba da kajinsa. Da na gaya masa, murmushi ya yi har haƙoransa suka fito, abin da ba kasafai yake yi ba.

Tana hanyar dawowa hutun Babbar Sallah motarsu ta kauce wa wani rami ta haɗu da babbar mota. Da azahar aka kira mu. Mutanen wani gari da ke bakin hanyar ne suka yi mata sutura, Allah ya saka musu, don ba yadda za a yi a kawo ta. Kawu ne ya je. Ya dawo da jakarta: kakinta, farin takalmin, da wata kwalbar ruwan roba cike da yashi da 'yan ƙananan bawon kifin teku. A jikin kwalbar ta rubuta "Auta" da biro.

A zaman makoki Baba ya karɓi gaisuwa kamar kowane uba, yana cewa mun gode, haka Allah ya so. Kawu bai ce masa komai a kan asma ba, ko sau ɗaya, kuma ina jin da ya faɗa da ya fi sauƙi. Inna ce kawai, bayan an watse, tana ninke tabarmi, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Takarda ɗaya ce fa, Malam." Ba ta sake faɗa ba har yau.

Litinin ɗin da aka koma makaranta, ganga ta yi ƙara a bayan katanga. Ina zaune ina tsince shinkafa. Na ga Baba ya ajiye kofi, ya dafa gwiwa kamar zai miƙe. Sai ya tsaya a haka, hannu a gwiwa, har aka gama taken. Da yaran suka fara alkawarin, ya tashi a hankali ya shiga ɗakinsa, na ji ya ja tagar da ke fuskantar makarantar ya rufe. Daga ranar haka ya riƙa yi. Ƙarfe takwas saura kwata a gidanmu ya koma ƙarar taga.

Shekara biyar bayan haka nawa lokacin ya zo. Ban gaya wa kowa ba, amma ina son a tura ni kudu. Kwalbar yashin nan tana kan tagata, nakan juya ta in ji bawon suna ƙara. Ina so in tsaya inda Adda ta tsaya. Ina so kuma, ko da ban iya faɗa ba a lokacin, in nuna wa Baba cewa ba shi ya kashe ta ba, cewa mutum yana iya zuwa ya dawo.

Saura kwana uku in je cike takardun, Baba ya sa babbar riga da safe ya fita ya tari keke, bai ce ga inda za shi ba. Bai dawo ba sai bayan azahar. Ya kira ni ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado, da ambulan mai ruwan ƙasa a cinyarsa.

"Auta, idan za ki je, ki haɗa da wannan."

Na buɗe. Sunana ne a sama, da hatimi a ƙasa, da sa hannun wani likita da bai taɓa ganina ba.

"Baba, ba ni da asma."

"Na sani."

"Wurin Kawu ka je?"

"Na je. Na zauna a bencin shagonsa har ya sallami masu sayayya. Bai yi mini dariya ba."

"Baba, ni ina son in je. In sha Allah ba abin da zai same ni. Kwana ne idan ya ƙare, ko a ɗakin nan..."

"Kada ki koya mini wannan, ni na koya miki." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na san kwananta ne ya ƙare. Na sani a kaina. Nan ne bai sani ba." Ya taɓa ƙirjinsa, daidai inda yake ɗora hannu a da. "Ni na yi ƙaryar, ba ke ba. Ke miƙawa kawai za ki yi. Idan an tambaya ranar gobe, ni za a tambaya."

Na dubi hannunsa. Hannun da yake tokare igiya don kada tuta ta taɓa ƙasa, shi ne yau ya karɓo mini takardar ƙarya. Na gane cewa abin da ya fi ƙauna a kansa ne ya ɗauka ya kai shagon yadi ya ajiye saboda ni, kuma idan na ƙi karɓa, ya yi asarar banza ke nan. Na ce to. Na miƙa takardar. Aka bar ni a Gombe.

Wata firamare a Shamaki aka tura ni. Shugabar makarantar, wata dattijuwa 'yar Kaltungo, ta taɓa aiki a ƙarƙashin Baba. Tana jin 'yar wane ce ni ta tafa hannu.

"Ashe 'yar mai wankin tuta ce! Shi ke nan, asambuli ya samu mai shi. Ke za ki riƙa ja musu alkawari."

Ranar farko na tsaya a gaban yara cikin kakina, irin na jakar Adda sak. Na ɗora hannu a ƙirji na fara, suka bi ni. Da na iso wurin da ake ambaton gaskiya sai na kasa faɗa. Ba wanda ya lura. Yaran sun riga sun haddace, suka wuce da gudu suka bar ni a baya, kamar yadda ruwa yake kewaye dutse. Na ɗaga kai don kada hawaye ya zubo, sai idona ya faɗa kan tutar makarantar. Farin ya koma ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya tsage.

Juma'ar ƙarshen watan na roƙi shugabar, na sauke ta na kawo gida. Ban san me nake nema ba. Wataƙila na zaci idan ya gan ta wani abu zai dawo. Ranar Asabar na ɗauko 'yar kujerarsa na zauna a tsakar gida da baho. Ya fito daga ɗaki, ya gani, ya tsaya. Inna ma ta tsaya a ƙofar kicin.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kada ki murɗe ta. Koren zai shiga farin."

"To Baba, zo ka nuna mini."

Ya girgiza kai, ya mayar da hannayensa baya. Amma da na shanya, igiyar ta yi ƙasa saboda nauyin ruwa, sai na ga ya zagaya bayan ɗaki ya lalubo tsohuwar gorar nan, ya tokare. Gorar kawai ya taɓa.

Na ce, "Baba, har yanzu kana son ƙasar nan?"

"Da ba na son ta ai da ban rufe taga ba," in ji shi. Ya koma ciki.

Bai sake miƙewa ba. Ya rasu da damina ta biyu bayan haka, a gadonsa, bayan gajeriyar jinya. Ni kuwa koyarwar na riƙe, kuma har yanzu ni nake ja wa yara alkawarin. Akwai malamai a cikinmu da suke danna waya a lokacin, akwai mai cewa ɓata bakin yara ne kawai. Ba na musu da su, ba ni da bakin yi. Ina ɗora hannuna, ina faɗin kowace jimla da ƙarfi, ban da wuri ɗaya, inda nake yin shiru yaran su faɗa mini.

Tagar ɗakin Baba tana nan a rufe. Ranakun da ba ni da lafiya na zauna gida, nakan ji gangar bayan katanga ta cikin katakon, can ƙasa-ƙasa. Inna ta ce in buɗe ɗakin ya sha iska. Na ce mata to, kuma ina da niyya.