Sunan da Yaya Saratu ba ta taɓa faɗa ba

A wannan watan Yaya Saratu ta cika shekara arba'in da bakwai a ƙasa, a wata maƙabarta da ke kudancin Landan. Duk shekara in ranar ta zagayo, ni da ɗanta Dauda mukan je tare, shi ya cire ciyawa, ni in yi addu'a. Bana ni kaɗai na je. Dauda ya ce ba zai ƙara taka ƙafarsa zuwa kabarin matar da ta ƙi shi ba. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, har na zauna ina rubuta wa jarida abin da a gidanmu ko a bakin murhu ba a cika tattaunawa ba.

Mu Hausawa ne Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Yaya ta zo Landan a shekarun da kuɗin mai ya yi ambaliya a Najeriya, lokacin da gwamnati ke tura duk wanda ya iya riƙe alƙalami karatu ƙasar waje. Mijinta, Malam Istifanus, yana koyon aikin malanta a wata kwaleji a Bloomsbury, ita kuma tana guga a wani gidan wanki. Suka kama ɗaki biyu a saman wani shago a Deptford. Ni ƙanwarta ce, na biyo su don karatun aikin jinya, na tarar da ita da tsohon ciki.

A bayan kasuwa akwai wata ƙaramar majami'a, ba ta cocin gwamnati ba, irin waɗanda ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka gina wa kansu tun zamanin kakanninsu. Lokacin da muka zo mutanenta sun kusa ƙarewa, sai 'yan tsofaffin mata masu huluna. Suka karɓe mu hannu biyu, har suka bar mana ginin da yammar Lahadi mu yi sujada da Hausa. Fastonsu dattijo ne mai kirki, Allah ya san ba na zarginsa da mugunta, amma har ya yi ritaya bai iya bambanta ni da Yaya ba. Ita doguwa ce baƙa, ni gajeriya mai haske.

Dauda ɗan fari ne, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi a wancan zamani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Yaya kuwa ta ɗauki wannan kunya kamar an rubuta ta a cikin dokoki goma. In za ta ba shi mama sai ta shige ɗaki ta tura ƙofa. In ya yi kuka sai ta ce mini, “Rifkatu, ɗanki ya tashi.” Ni kuma in ɗauke shi ina fankama, don a gida babban matsayi ne a ce ke ce uwar ɗan farin yayarki.

Ranar da aka yi masa baftisma, fasto ya ce iyaye su fito gaba. Yaya ta sunkuyar da kai a layi na uku, ta zungure ni da gwiwar hannu. Na tashi da jariri na tsaya kusa da Malam Istifanus, aka tambayi sunan yaro, ni na faɗa. Matanmu suka yi guɗa, tsofaffin Turawa suka razana, daga baya suka yi dariya. Da aka tashi Malam ya fita gaisawa da baƙi, fasto ya kira ni ɗan ɗakinsa na baya, ya buɗe wani ƙaton littafi, ya tambayi sunana ya rubuta. Ban leƙa in ga a wane gurbi ya saka shi ba. Babu wani cikinmu da ya damu da littafin. Kowa a wurin ya san ɗan wa ne, kuma dukanmu muna ganin shekara biyu ko uku za mu tattara mu koma gida.

Duk abin da Yaya ta yi wa yaron nan, ta hannuna ya bi. Ta tsaya a kan dutsen guga har ƙafafunta su kumbura, ta sayo masa rigar sanyi, ta miƙo mini a ɓoye ta ce in ba shi, shi kuma ya rungume ni yana godiya. In an dafa kaza sai ta jefa cinya a kwanona ta kawar da kai, na san ba tawa ba ce. Da ya fara zuwa makarantar yara ni ke riƙe hannunsa, ita kuma sai ta tuna tana bukatar albasa, ta biyo mu ta ɗaya gefen titi, ta tsaya wajen masu kayan miya tana juya tumatir har sai ya shige. Albasa ta yi ta ruɓewa a gidan nan.

Yana da shekara biyar ciwo ya kama ta a ciki, kafin likitoci su gano kansa ya gama da ita. Malam Istifanus ya koma Najeriya, inda a lokacin aiki ne ke neman mutum, ya bar mini yaron da cewa in ya gama firamare zai aiko a kai shi. Ya yi wani aure, shekaru suka ja, shi ma yau ba ya duniya. 'Yan zumuntarmu na majami'a suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bi kiran ofis da mota da gidan gwamnati. Ni na tsaya, na yi aure a nan, na raini Dauda tare da nawa. Yana jin Hausa, amma da Turanci yake amsawa, kamar sauran 'ya'yanmu na nan.

A duk shekarun nan bai taɓa tambayata yadda take da shi ba, ni kuma bai taɓa faɗo mini a rai cewa akwai abin bayani ba. A ƙauye yaro yana tashi ya ga haka ake yi wa kowane ɗan fari, kakarsa tana tsokanarsa, ƙannen uwarsa suna raɗa masa cewa shi ne na gaban goshi. Dauda kuwa abin da ya gani shi ne matan Turawa suna sumbatar 'ya'yansu a ƙofar makaranta.

Bara ya shiga sha'awar neman asali, yadda mutanen nan ke yi in sun haura hamsin. Majami'ar an daɗe da rufe ta, yanzu gidajen haya ne, amma littattafanta na baftisma da aure da jana'iza an kai su gidan adana tsofaffin takardu na ƙaramar hukuma. Ya kira ni cikin murna ya ce ya yi mana booking, wato ya kama mana ranar zuwa, in shirya ya zo daga Stratford ya ɗauke ni. Aka sa muka ajiye jakunkuna da biro, aka ba mu fensir. Wata yarinya Baturiya ta kawo littafin a cikin kwali, ta ɗora shi a kan matashi kamar jariri. Muka yi ta wuce sunayen Turawa, sai ga namu sun fara ɓullowa jefi-jefi, an murɗe su an karya. Ina dariya ina nuna masa waɗanda na sani.

Sai ya tsaya a kan nasa. A gurbin uba, Istifanus. A gurbin uwa, Rifkatu.

Dauda ba ya shakkar wadda ta haife shi, takardar haihuwarsa ta asibiti tana nan da sunanta. Abin da ya tambaye ni a hankali shi ne ko ba ta da lafiya ne ran nan. Na ce lafiyarta ƙalau. Ya ce to tana ina. Na ce tana zaune a layi na uku. Ya rufe littafin, ya gode wa yarinyar, muka fito.

A mota na yi ta zuba bayani, Hausa da Turanci, har bakina ya bushe. Da na ce kunya ce, sai ya ce dama ya sani tana jin kunyar a ce ɗanta ne. Sai ya fara fito da abubuwan da ya haɗiye tun yana yaro. Ya tuna ranar da ya gangaro daga bene ya fasa goshi: ta taho da gudu, ta zo dab da shi ta ja birki don maƙwabta sun fito, ta tsaya tana ƙwala mini kira. Ni ma na tuna ranar. Na tuna cewa bayan an ɗinke shi ta shiga banɗaki ta yi ta amai, ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Amma shi bai ga wannan ba, kuma yanzu ya ce ni mai rufa mata asiri ce. Rigar sanyi, cinyar kaza, duk a wurinsa ni na yi. Ladan da ta sha wuya a kai, ni ya ba wa.

Matarsa ta gaya mini ya sauke hoton Yaya daga bango. Ya daina zuwa gidana cin tuwon Lahadi.

Na koma gidan takardun ni kaɗai, da sandata, na roƙi yarinyar nan ta bar ni in gyara kalma ɗaya. Na ce ko da fensir ne. Ta saurare ni da ladabi, har idonta ya kawo ruwa, amma ta ce su aikinsu tsarewa ne, ba su ƙara ko ɗigo, ba su ragewa. Na yi mata faɗan da ba ta ci ba, na dawo gida ina jin kunyar kaina. Sai na koma neman shaidu. Na bi waya zuwa Zariya, Kaduna, Jos, duk inda na ji an ce wani ɗan zumuntarmu ya sauka. Wannan ya rasu, wancan ya rasu, wani yana nan amma ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Da ƙyar na samu Mama Laraba, wadda ta fi kowa guɗa ranar baftismar, na roƙe ta ta yi magana da Dauda.

“To ai ɗan fari ne,” in ji ta. “Saratu 'yar mutunci ce, me zai sa ta miƙe a gaban jama'a ta ce nata ne? Ki ce masa ya bar shirme, ƙato da shi.”

Na ajiye wayar na yi kuka, don gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ba za ta yi mini amfanin komai ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga zamanin nan. 'Yan matanmu yanzu, har na ƙauye, suna ɗora hoton ɗan fari a waya suna kiransa sarkin zuciyarsu, duniya na gani. Na san za ta riƙe haɓa ta ce ido ya bushe. Da can ni ma da na taya ta. Yau kuwa haushinta nake ji, haushi sosai, kuma ban taɓa zaton zan faɗi haka a kan Yaya ba. Ta ƙetare teku, ta koyi shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta koyi sa takalmin ƙanƙara, amma ta kasa gane cewa ta baro mutanen da za su fassara wa ɗanta shirunta. Ta ɗauka tana da lokaci. Ta ɗauka zai girma ya yi hankali, wata rana ya kawo mata jika ta zuba wa jikan duk abin da ta danne.

Kwana kaɗan kafin ranar tunawa Dauda ya kira ni. Bai gaishe ni ba.

“Anti, tambaya ɗaya. Ko sau ɗaya ta taɓa faɗin sunana? Ko a asibiti, da ta san za ta mutu?”

Ƙarya tana bakina, a shirye, kuma babu mai rai da zai ƙaryata ni. Amma ƙaryar da ke cikin littafin ta ishe shi, ban iya ƙara masa wata ba. Na ce a'a. Na ce ranar ƙarshe da na kai shi wurinta ta juya fuska bango, amma muna fita ta sa ma'aikaciyar jinya ta ɗaga ta zuwa taga, da robar ƙarin ruwa a hannunta, ta tsaya tana kallonsa yana tsallake-tsallake a farfajiya har muka sha kwana. Ma'aikaciyar ce ta gaya mini washegari.



“Bayana ke nan ta kalla,” ya ce. “Ni ban gani ba.”

Ya kashe wayar, kuma har yau bai sake kira ba.

Me ya rage na Yaya Saratu? Ɗakin da ta zauna an rushe, gidan wankin babu shi, mijinta da ƙawayenta sun bi ta. Akwai namiji mai furfura a Stratford, mai irin tsayinta da irin taurin kanta, wanda ya yarda uwarsa ba ta so shi ba. Akwai ni, da na ga komai da idona, ina haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma, likita yana girgiza kai duk ranar da ya auna ni. Sai kuma shafin nan na littafin baftisma, a ɗaki mai sanyi da aka tsara don kada takarda ta lalace ko bayan ɗaruruwan shekaru. Idan akwai wanda ya yi sujada da mu a Deptford a shekarun nan, ko ɗansa da ya ji labari, don Allah ya nemi editan wannan shafi, kuma ya hanzarta. Ni kaɗai ce ke musu da littafin nan, kuma shi ba ya tsufa.