Tsoron da Na Kawo Daga Paris

Shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar Habu a Laurel, cikin jihar Maryland. Ciwon ciki ne. Kwana shida ya yi yana fama, huɗu daga ciki a ɗakinmu, kuma ni ne na hana a kai shi asibiti.

Ban yi boko ba, ba ni kuma da yawan magana. Zan faɗi yadda aka yi.

Habu mutumin Maraɗi ne, ni na Jibiya. Na girme shi da shekara takwas, shi ya sa yake ce mini Yaya. A Landan muka haɗu, muna wanke tukwane a bayan wani gidan abinci. Kafin nan kowa ya yi yawonsa. Shi ya zauna a Rum da Madrid, ni Paris da Berlin. Farkon shekarun 1980 muka shigo Amurka da bizar ziyara. Biza ta ƙare, muka ƙi tafiya. Muka sami aikin lodin kwalaye a wani sito a Laurel, muka kama ɗaki ɗaya a ƙasan wani bene.

Hirarmu ɗaya ce kullum: wane birni ya fi a Turai. A lokacin cin abinci a sito, a jirgin ƙasa idan za mu Washington sallar Juma'a, ita ce dai. Ba mu taɓa daidaitawa ba, don ba abu ɗaya muke dubawa ba.

Habu abin da gari ya ba shi yake lissafawa. A wurinsa Rum ce ta ɗaya. Ya ce ruwan sha na zuba a bakin titi dare da rana, mai sanyi, ba mai tambayarka ko kai wane ne. Ya ce ya taɓa yin zazzaɓi a can, wasu matan coci suka yi jinyarsa kwana tara, ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba. Madrid ta biyu, saboda rana, da tsofaffin da ke zama a dandali suna amsa gaisuwa. Landan ya sa ta a ƙasa. Ya ce garin da sama ba ta wankuwa ba gari ba ne. Paris bai taɓa zuwa ba, amma ya ba ta ta uku saboda hotuna.

Ni ƙofar fita nake dubawa. Berlin ta wancan lokaci katanga ce ta kewaye ɓangaren da nake, kamar garken awaki. In aka biyo ka, ina za ka? Landan 'yan sandanta ba sa yawo da bindiga, amma mai gidan haya na iya kai ƙararka tana yi maka murmushi. Na fi yarda da ita duk da haka, don tana da girman da mutum zai ɓace. Paris kuwa, na ce masa kyanta na masu takardar izinin zama ne. Ƙarfe ya tsaga mini hannu a wurin gini a can. Na kai kaina asibiti, aka ɗinke. Ina fitowa na tarar da 'yan sanda biyu a bakin ƙofa. Kwana goma sha ɗaya a kulle, sannan aka sa ni a jirgi aka mayar da ni gida. Shekara biyu na yi kafin na sake tsallakowa.

"Yaya, kai da za a kai ka Aljanna, ƙofar baya za ka fara nema," in ji Habu.

"Kai kuma ruwan famfo ya saye ka."

Yakan yi dariya. Amma a kan zaman ɓoye, maganata yake bi. Na kafa mana doka uku: ba faɗa, ba tuƙi, ba asibiti. A saman benenmu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Ladi, Kirista daga Filato. Hausarta ta fi tawa daɗi. Takan gaishe mu a matakala, ni kuma na hana Habu sakewa da ita. Duk mai sanye da yunifom na hukuma ne a idona.

Ranar Alhamis ciwon ya fara, a gefen dama. Na jiƙa masa kanwa. Juma'a ya kasa miƙewa, na sayo ƙwayar ciwo a kanti. Da rana ya kama hannuna.

"Yaya, a Rum ba su tambaye ni komai ba."

"Nan ba Rum ba ce."

"Ba Paris ba ce kuma."

Ina jin motsin kowace mota a waje kamar mu aka zo ɗauka. Na ga kaina a Jibiya hannu wofi, na gan shi shi ma a Maraɗi haka, bayan duk shekarun nan. Na ce ya ƙara kwana ɗaya. Bai sake roƙo ba.

Asabar ciwon ya lafa farat ɗaya. Ya zauna, ya sha shayi, har ya tsokane ni a kan Berlin. Na ce ka gani. Lahadi jikinsa ya ɗau zafi, cikinsa ya yi tauri kamar katako. Litinin da safe ya daina gane ni. Sai a lokacin na hau matakala na buga ƙofar Sista Ladi.

Ta taɓa cikinsa sau ɗaya, ta kira motar asibiti ba tare da ta nemi izinina ba. Na bi su. Aka tambaye ni sunansa da shekarunsa da abin da ya ci. Na tsaya jiran sauran tambayar, ta takarda. Ba ta zo ba. Talata bayan azahar ya cika.

Sista Ladi ce ta yi mini bayani. Wata 'yar hanji ce ta kumbura, kuma sauƙin da muka gani ranar Asabar fashewarta ce. Ta ce aikin tiyata ne da suke yi kullum.

"Malam Sale, matakala goma sha huɗu ce tsakanina da ku. A inda nake aiki ba mai kira muku 'yan sanda. Me ya sa?"

Na ce mata Paris. Ba ta gane ba, ni kuma ban ƙara ba.

Ina yawan tunanin abin da Habu zai ce da yau. Yanzu mutum na zaune a nan garinmu Wheaton yana ganin titunan Rum a wayarsa. Ina jin zai yini yana nuna mini famfunansa. Amma zai ji yadda sababbin zuwa ke jera biranen nan a bakin masallaci, kuma ba mai maganar rana ko ruwa. Ina ake ba da takarda, ina ake kamawa, ina ake mayarwa gida, shi ke nan. Wasu 'yan'uwansu sun nutse a teku kafin su ga ko ɗaya. Duk sun koma irin lissafina. Wannan ba ya yi mini daɗi. Tsoro yake ba ni.

Bara na ji labarin wani a Gaithersburg, nan kusa da mu, da ya bar matarsa tana naƙuda kwana biyu a ɗaki, don a wani gari na Turai an taɓa kama shi a layin asibiti. Allah ya sa ta rayu. Na nemi mutumin, na gaya masa abin da na gaya muku. Ban ce masa babu haɗari ba. Doka na sauyawa, ban san ta gobe ba. Na ce wanda aka mayar gida yana iya dawowa, ni shaida ne. Habu bai dawo ba.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Kabarinsa na ɓangaren Musulmi a wata maƙabarta, mu bakwai muka yi masa salla. Mahaifiyarsa ta rasu tana zaton ajali ne kawai, domin abin da na aika a gaya mata ke nan. Ajali ne, na sani. Amma na san hannun da ya tare ƙofa. Abin da ya rage nasa shi ne ya zauna a garuruwan da ba sa son mu, ya fito yana iya faɗin alherin kowanne. Ni na fito da tabo a hannu, na auna duniya duka da shi. Allah ya jiƙan Habu, ya yafe mini.

Na sami takarda shekara uku bayan rasuwarsa. Tsoron bai tafi ba. Har yau ina jin sa in zan shiga asibiti. Ina shiga duk da haka, da duk wanda ya kasa zuwa shi kaɗai, in zauna kusa da shi har a gama.

Ina Wheaton yanzu, a ɗaki ɗaya saman wani shagon kayan miya. Na tsufa, ba na aiki. Mai ciwo da ba shi da takarda ya tambayi Sale na Jibiya a masallaci. Za a nuna masa ƙofata.