Malamin da Ya Ƙi Cika Mini Fom a Ɓoye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga watan Satumba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Dalhatu Badaru, malamin fasaha a ƙaramar sakandaren da na yi a Bukkuyum, bayan jinyar mako biyar. An yi masa sutura bayan azahar. Ina ɗakin karatu a jami'a labarin ya same ni ta waya, shafin da nake kai kuwa har yau ban ƙarasa shi ba.

Malam, duk wanda ya tashi yabonka da haƙurinka zai fara. Ni da rigimarmu zan fara, domin ita ce alheri mafi girma da ka yi mini, ko da yake kwana goma na yi ina kauce wa gaishe ka saboda ita.

Sunana Husaina, wanda ya ji sunan kuwa ya san akwai Hasana. Da akwai ta, har zuwa shekarar 2010 da gubar dalma ta shiga gidajenmu a Yargalma, muna da shekara biyar. Babanmu, Malam Sa'idu, yana cikin masu kawo dutsen zinariya gida suna niƙawa da injin niƙan hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda muke wasa. Ba wanda ya san mutuwa ce ke sauka. Likitoci suka zo suka cece ni, Hasana ba ta kai zuwansu ba. Baba ya rabu da injin, ya koma gona, ya ɗauki alkawari cewa wadda ta rage likita za ta zama. Da ya kai ni gidan goggona a Bukkuyum don karatu, ko sunana ya daina kira, sai dai Likita.

Kai kuma, Malam, kana da wata ɗabi'a da sauran malamai ke yi maka tsiya a kanta. Kowace shekara sai ka samo wani mataccen ƙarfe ka ajiye a bayan aji uku, ka bar akwatin sifana a buɗe kusa da shi, ba ka ce wa kowa komai ba. Wata shekarar fanka ce, wata shekarar injin ban ruwa da ka roƙo a fadamar Gummi. Abokan aikinka har suna cewa ɗan gwangwan aka ɗauka aikin koyarwa bisa kuskure. Kai dai kallo kake yi, ka ga hannun wa zai kai wurin. A shekararmu tsohon injin niƙa ka kawo.

Ranar da na gan shi raina ya ɓaci. Na jira aka fita tara, na je na zuba masa shuri, babban yatsana ya fashe. Ashe kana bakin taga. Ba ka yi mini faɗa ba, ka ce, "Husaina, ba shi jin shuri. In kina hushi da shi, buɗe cikinai ki ga abin da yaɓ ɓoye." Na buɗe don haushi, na ci gaba da buɗewa don na kasa bari. Na gano kafar da ƙura ke fita, na cika littafi biyu da zanen yadda za a toshe ta. Wannan zangon ne na fara barci ban yi mafarkin tsakar gidanmu ba.

Da sakamakon jarrabawar aji uku ya fito, ni ce ta ɗaya. Aka ba mu fom mai gurbi uku: makarantar kimiyya, wadda ita ce hanyar likitanci, sai ajin lissafi na musamman, sai kwalejin fasaha inda ake koyon zane da injina. A ƙasa akwai wurin da uba zai sa hannu. A wajenmu kowa ya ɗauka fasaha wurin wanda ya faɗi ne, ta ɗaya ba ta ko kallon gurbin. Na kai fom Yargalma. Baba ba ya karanta boko, don haka ya dangwala yatsa a ƙasa, ya bar gurbin fayau, ya ce, "Ki ce ma malaminku shi sa likita."

Na dawo maka da shi ina murna kamar na tsinci kuɗi. Na ce ka sa fasaha, ai ga yatsan Baba, kafin ya gane shekara uku ta wuce. Ka daɗe kana kallon takardar, sannan ka ce, "Yatsan ga na likita ne. Mutum yab ba ni amana don ba ya iya karatu, ba ni cin ta da alƙalami, ko don ke." Na ce ai kai ka koya mini son injin. Ka ce gaskiya ne, shi ya sa kai za ka je ka fuskanci ubana. Na fita ban yi sallama ba. A raina na ce wannan malami matsoraci ne, zai jefa ni ajin da ba na so don ya tsira da mutuncinsa. Allah ya yafe mini wannan zato.

Mako biyu aka ba mu a mayar da fom. A lokacin hanyar Yargalma ba ta biyuwa sai dole saboda 'yan bindiga, mai babur yana fita yana addu'a. Ka bi ta sau uku. Zuwan farko Baba ya sa aka dama maka fura, ya saurare ka har ƙarshe, ya ce a'a. Zuwa na biyu da ya ji ƙarar babur ɗinka sai ya ɗauki fartanya ya bi ta bayan gida, ka zauna a zaure har la'asar ka dawo.

Na uku ranar Alhamis ne, gobe a rufe karɓar fom. Ka sa goggona ta kai ni gida tun da safe, kai kuma ka iso da kan injin nan ɗaure a bayan babur. Ka sauke shi a ƙofar gidanmu. Ina laɓe a zaure na ga fuskar Baba ta canza, na ce yau sai an kore ka. Ba ka ambaci makaranta ba. Ka ce, "Malam Sa'idu, kai kas san injin ga, ni a littahi nig gane shi. Ta ina ƙura ka hita?"

Baba ya tsuguna, ya sa yatsa daidai kafar da na zana. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa injin niƙa ba, bai kuma taɓa maganar abin da ya faru ba, ko da Inna. Ranar ya yi. Ya ce tun rasuwar Hasana yake tunani, da a ce da ruwa ake niƙa dutsen, da ƙurar ba ta tashi ba. Sai ka ciro littafina ka buɗe masa shafin da na zana bututun ruwa a bisa bakin injin. Zane ba ya bukatar karatun boko. Ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Wa yay yi wanga?" Ka ce ɗiyarsa ce. Ya ce, "Likita ta ba yaro magani in ƙura ta shiga. Wagga so takai ta hana ta tashi?" Ka ce haka ne, amma shi ne uba, abin da ya ce shi za ka rubuta.

Ka ciro sabon fom, ka karanta masa gurbin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ka nuna masa inda kowanne yake. Da kansa ya aza yatsa a kan na fasaha, ka sa alama yana kallo, sannan ya dangwala a ƙasa. Ya juya wajen zaure ya kira ni da Husaina.

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji na haɗa ƙaramin injin da ke niƙa dutse da ruwa. Ranar gwaji ka zo tare da Baba. Ka ciro farin hankicinka ka riƙe a bakin injin har aka gama niƙa, ka ɗaga shi sama, fari fat. Ka bi malamai ɗaya ɗaya kana nuna musu, har da waɗanda ba su tambaya ba. Yanzu ina karatun injiniya, kuma ba ni kaɗai ba ce. Naziru da ke gyaran injinan ban ruwa a Gummi ɗalibinka ne, haka Shamsiyya da ke karatun jinya a Anka, wadda ita kuma kimiyya ka roƙa mata. Ina alfahari da cewa ta hannunka na biyo, ina kuma faɗa a duk inda na zauna.

Da na je gaisuwa na tarar Baba ya riga ni da kwana biyu, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka. Matarka, Malama Bilkisu, ta ce hankicin nan yana ninke cikin akwatinka, ba ka sake amfani da shi ba. Ta miƙo mini, na kai wa Baba a zaure. Ya riƙe shi, ya ce wa masu zaman makoki, "Mutumen ga da ya rubuta abin da yas so, har in mutu ban sani ba. Amma yaz zo har gida sau ukku yat tambaye ni." Ya sa hankicin a aljihu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Bilkisu, da 'ya'yanka Salim da Surayya, da 'yan'uwa, da dukan ɗalibanka na Bukkuyum da Anka da Gummi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya albarkaci abin da ka bari. Allah ya jiƙanka, Malam Dalhatu, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Yadda ka riƙe amanar mutumin da ba zai taɓa gane an ci ta ba, Allah ya riƙe maka naka iyalin. Amin.