Hannuwan da Ba Su da Tabo

Muna idar da sallar asuba muka bar Wad Madani ta ƙasar Sudan, ni da abokan tafiyata biyu, za mu sunan jikan ƙanwata a wani ƙauyen Hausawa kusa da Sinja. Rabona da can tun kafin korona. Kuɗin mota ya ninka har na tambayi yaron motar ko jirgin sama muka shiga ban sani ba. Hanya ta ci ramuka, amma gonaki shar suke, ruwa cike da magudanai. A Sinnar muka karya da ful, dafaffen waken nan nasu, da soyayyen kifi, muka kora da jabana, gahawarsu mai citta, wadda ko a Habasha ban sha mai kaifinta ba.

Da hantsi muka isa. An yanka rago, mata na ta gasa kisra, fallen gurasar dawa, yara na guje-guje. Ana cikin haka na ji tari daga ɗakin ƙurya, busasshe, irin wanda na sani tun ina saurayi a Damagaram. Na tambayi ƙanwata Hajja Mairo wa ke ciki.

Ta ce, "Hawwa'u ta, ɗiyar ɗana Sani. Kyanda ta fito mata, Yaya. Mun rufe ta kada iska ya shige ta."

Kyanda! Na ɗauka mun bar wannan ciwo a baya tare da fitilar aci-bal-bal. Na shiga. Yarinya 'yar shekara uku kwance cikin duhu, jiki rau, ƙuraje har tafin hannu, idanu sun manne da kwantsa. Na ɗaga hannunta na hagu ina neman tabon nan na allurar farko da ake yi wa jarirai. Babu.

Na fito tsakar gida na kira yaran sunan, na ce kowa ya naɗe hannun riga. Suka ɗauka alewa zan raba. Manyan kowa da tabonsa. Waɗanda aka haifa daga zuwan korona kuwa, fata sumul, ko ɗaya babu.

A nan na gane yadda abin ya faru. Mutanen garin ba su taɓa ɗaukar yaro lafiyayye zuwa asibiti ba. Masu allura ne ke zuwa da akwatin ƙanƙara, ladan ya hau lasifikar masallaci ya ce mata su fito da jarirai gindin durumi. Da korona ta zo aka hana taro, aka juya motar masu allura wani aikin, lasifika ta yi shiru. Annoba ta wuce, kasuwa ta buɗe, makaranta ta buɗe, amma motar ba ta dawo ba. Su kuwa matan suna nan suna sauraron kiran ladan. Ba ƙin allura suka yi ba, jira suke.

Na ce a ɗauko Hawwa'u mu tafi Sinja. Mairo ta tare ƙofa. "Haba Yaya! Mai kyanda ba a yi mai allura, komawa ciki takai. Kuma ga baƙi cike da gida, mi za a ce?"

Na ce, "A ce kakarta ta fi son idonta da ragon suna."

Ta harare ni kamar lokacin da muke yara, sannan ta shiga ta goyo ta da kanta.

A bayan wata boksi, motar a-kori-kura mai ɗauke da ayaba, muka tafi asibitin Sinja. Hakimar, wato likitar da ta duba yarinyar, ta buɗe idon a hankali, ta ce da Larabci idon dama ya soma fari, na hagu za a yi ƙoƙari. Ta ɗiga mata wani magani a baki, aka kwantar da ita. Na tambaye ta yaushe aka koma yin rigakafin yara. Ta ce ai tuni, ga firji can cike, mutanen ƙauyuka ne ba sa zuwa. Na fassara wa Mairo. Ta riƙe haɓa ta ce, "To wa ya gaya muna?"

Na ga asibitocin Jidda, na ga na Kano da Njamena, na ga inda babu magani sam. Ban taɓa ganin magani a ajiye, yara a nesa da shi tafiyar da ba ta kai tsakanin azahar da la'asar ba, kowane ɓangare yana jiran ɗayan.

Kafin mu juyo na sami limamin ƙauyen. Ranar Juma'a ladan ya yi kiran da aka daɗe ba a ji ba, matasa suka yi hayar mota aka kwashi mata da yara zuwa Sinja. Hawwa'u ta tashi. Idon hagu yana gani, na dama kuwa hakima ba ta yi mana alkawari ba.

A hanyar dawowa ban yi surutuna da aka saba ba. Abin da na koyo shi ne, annoba ba ta ƙarewa ranar da aka cire takunkumi, abin da ta tsayar sai wani ya tashi ya tayar da shi. Da na shiga gida a Madani, autan jikokina ya rugo ya rungume ni yana neman tsaraba. Kafin in ajiye jaka na naɗe masa hannun riga. Fata sumul. Ban zauna ba, na ce uwarsa ta ɗauko tobinta ta yafa mu tafi asibiti.