Neman Yaya a Hanyar Doguwa

Sallar asuba kaɗai muka tsaya yi, muka bar Bebeji mu uku: ni da direba da 'yar wana, wadda likita ce a birni. Wan nawa muka fita nema. Ya haura tamanin, gigin tsufa ya kama shi, kuma tun la'asar ta ranar da ta gabata ya fice daga gidansa na Ƙofa. Abin da ya faɗa wa mutanen gida kawai shi ne zai tafi gida, su kuwa suka yi dariya, domin a gida yake. Damina ta yi nisa, rafuka sun cika, kowannenmu ya san abin da yake tsoro amma babu wanda ya furta.

A tashar Ƙofa wani ɗan kamasho ya rantse mana cewa ya ga dattijo mai farar riga da jar dara ya shiga motar Doguwa. Nan take na yanke hukuncin mu bi shi Doguwa, domin Yaya ya yi shekarun ƙarfinsa yana fataucin masara a can. 'Yar tawa ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. A gidanmu ba a musu da babba a bainar jama'a.

Muka ratsa ƙasar Kiru gari na wayewa. A Kwanar Ɗangora mata sun riga sun ɗora kaskon ƙosai, masu shayi suna fifita wuta, direba kuwa yana ta mitar tsadar mai kamar ni na ƙara wa man kuɗi. Duk wanda muka tambaya ya ga dattijo mai farar riga. Sai a ranar na gane cewa rabin dattawan Kano farar riga suke sawa, har da ni.

A hanyar Tudun Wada, inda shinkafa ta kwanta kore shar hagu da dama, na ce mata mutanen gida suna zargin sammu.

"Baffa, ba sammu ba ne," in ji ta. "Ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo cikin wasu 'yan ƙunshi da ido ba ya gani, kamar yadda ake raba goron biki gida-gida. Idan ƙwaya ta kamu, tana iya ƙunsa gurɓataccen sinadarin furotin ta aika wa maƙwabciyarta, ita ma ta lalace. Haka ake zaton cutar take yaɗuwa. Wasu ƙunshin suna faɗowa cikin jini, shi ya sa masu bincike suke fatan wata rana a gano ta da wuri."

"To, maganin fa?"

"Ba a kai nan ba tukuna. Amma cikin abin da mutum yake tunawa, sabon abu take fara ci, tsoho ne yake jimawa."

Na mai da idona kan hanya, domin ban saba ɗaukar karatu a wurin wadda na yi wa huɗuba ba.

Daga Tudun Wada muka shiga dajin Falgore. Direba ya kashe rediyo. Itatuwa sun rufe hanya, waya ta daina kamawa, ramuka kuma ba sa barin a yi gudu. Duk wani fari da na hango a gindin bishiya sai in zaci shi ne; sau biyu ina sa a tsaya, ashe shanun Fulani ne. Wani makiyayi ya saurare mu da ladabi, ya girgiza kai, ya yi mana addu'a.

Mun isa Doguwa rana ta take. Ƙasa ce mai duwatsu da sanyi, ga masara ga dankalin Turawa tuli a bakin titi, amma ko ruwa ban iya sha ba. Aka kai mu wurin dattijon da ya sauka daga motar Ƙofa. Muka same shi zaune yana cin gasasshiyar masara da haƙoransa cif, ya zo ganin jikarsa. Ya tausaya mana ƙwarai, har ya miƙo mini rabi.

Da muka koma mota 'yar tawa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, a gafarce ni. Lokacin da Baba yake yaro, ina ne gida?"

Garin da aka haife mu ba ya bisa ƙasa. Yana ƙarƙashin ruwan Tiga tun da aka datse kogin aka tashe mu.

Ban san yadda muka sake ratsa Falgore ba. Carbi na riƙe, bakina yana motsi, idona yana kan rana. La'asar ta yi sanyi muka iso Tiga. Masunta suna gyaran koma a gaɓa, suka ce wani tsoho ya kwana a masallacinsu, ya wuni yana roƙon a tsallaka da shi garinsu, da suka ƙi ya bi gaɓa ya yi yamma. Muka bi sawunsa cikin taɓo tare da masuntan, ni ina dogara sandata.

Muka hango shi. Ya ajiye takalmansa a jere bisa dutse kamar mai shiga masallaci, ruwa ya kai masa ƙugu, yana ci gaba a hankali. Masuntan suka ce taku kaɗan a gabansa akwai gurbi mai zurfi, kuma idan aka yi kansa da kwalekwale zai iya firgita. 'Yarsa ta kira, "Baba." Bai waiga ba. Direba ya ce, "Alhaji." Na ce, "Yaya," har sau uku. Ruwa ya kai ƙirji.

Innarmu, da yake shi ne ɗan farinta, ba ta taɓa kama sunansa na yanka ba. Nomau take ce masa, don a tsakiyar noma aka haife shi. Ni kuwa tun da na yi wayo ko wannan bai taɓa fita daga bakina ba, domin ƙane ba ya kiran wansa gatsau. Na dubi masunta, na dubi 'yarsa, na ɗaga murya yadda Inna take yi daga bakin danga.

"Nomau, fito haka nan. Tuwo zai huce."

Ya tsaya. Ya juyo yana murmushi irin na yaron da aka kama yana wasan ruwa, ya ce, "Ga ni nan, kada a ba Ƙarami nawa." Ƙaramin ni ne, haka yake ce mini muna yara. Ya tako da kansa har gaɓa, na cire rigata na lulluɓa masa.

Ana kiran magariba muka sauke shi a Ƙofa, na sa aka tuƙa tuwo, na zauna har ya cinye. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mai wannan cuta idan ya ce zai tafi gida, a tambaye shi wane gida kafin a yi dariya. Washegari na tara 'ya'yana a Bebeji, na faɗa musu sunan da Inna take kirana da shi a ɗaka, wanda ko uwarsu ba ta sani ba. Na ce su adana shi, kada wanda ya kuskura ya furta, sai ranar da suka ce "Baba" ban waiga ba.