Kafar Ƙarshe a Jikin Suwic

Shekarun baya na yi aiki a wani shagon kwamfuta a Kankiya, ni ne mai kula da wayoyin da ke haɗa kwamfutocin. Duk wayoyin suna haɗuwa a wani ɗan akwati da ake kira suwic. Shi ke karɓar saƙo daga wannan kwamfuta ya miƙa wa wadda aka nufa. Kowace waya da kafar da ake soka ta, kowace kafa da fitilarta: koriya ta mai sauri, ruwan ɗorawa ta mai nawa.

Ruwan ɗorawa guda ce tak, a kafar ƙarshe, ta tsohuwar kwamfutar abokina. Daga Dudunni yake zuwa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, da hannu ɗaya yake buga takardu.

Wata rana aiki ya yi nauyi, sai mai shagon ya ce, "Wannan tsohuwar ke ja mana baya. A cire ta." Kowa ya san in ta tafi mai ita ya tafi, don ba za a ba shi sabuwa ba.

Abokina ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, in za ka sayar, haɗa mu. Ba mai sayen ɗayanmu shi kaɗai."

Ni ban iya roƙo ba, tsari na iya. Na ce, "Alhaji, a gwada tukuna." Da farko na zare wayarta. Sannan na aika babban hoto tsakanin sababbi biyu. Sannan na mayar da wayar, na sake aikawa. Babu bambanci.

Na ce, "Suwic da kowa yake magana daidai saurinsa. In mai sauri ta turo wa tsohuwar saƙo, riƙewa yake, ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ba ta tare wa kowa hanya."

Alhaji ya ce, "To malamin tsari, na ji. Ku bar ta."

Damina ɗaya abokina ya ƙara tare da mu. Wata safiya fitilar ba ta kama ba, kafin azahar aka aiko mu zo jana'iza. Allah ya jiƙansa.

Suwic yana da wata ɗabi'a: in kwamfuta ta yi shiru na ɗan lokaci, sai ya goge adireshinta, ya manta kafar da take. Ni ban iya hakan ba. Har na bar shagon, duk sabuwar waya da aka kawo wata kafa nake nema mata, ba ta ƙarshen ba.